Awar farko bayan tiyatar haihuwa: me ya sa ake son a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa?

A watan Nuwamban 2024 ne Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a Abuja cewa gwamnatin tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatarta. Sanarwar ta dawo da maganar "aiki", kamar yadda mata ke kiran tiyatar, cikin hirar tsakar gida da ta layin awo, daga Birnin Kebbi har Argungu, Yauri da Zuru. Yawancin hirar kan kuɗi take, sai kuma tsoron wuƙa.

Akwai wata tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba, ita ce abin da ke faruwa da jaririn bayan an ciro shi. A wurin awo ana gaya wa masu ciki cewa da an haihu za a ɗora musu jariri a ƙirji. Matan da aka taɓa yi wa aiki kuwa wani labarin suke bayarwa: an ɗaga musu yaron sun ga fuskarsa, an ce "namiji ne" ko "mace ce", an fita da shi, ba su sake taɓa shi ba sai da yamma, wasu ma sai washegari. Babu mai ƙarya a cikinsu. Nas tana faɗin abin da ƙa'ida ta tanada ne, matan kuma suna faɗin abin da aka saba yi.

Me ake nufi da haɗa fata da fata?

Ana nufin a goge jariri ya bushe da zarar ya fito, a kifa shi tsirara a kan ƙirjin uwarsa ba tare da riga ko zane a tsakaninsu ba, a juya fuskarsa gefe, a sa masa hula, sannan a lulluɓe su biyun da busasshen zane mai ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara nan take, kuma a bar su haka aƙalla awa ɗaya ba tare da an raba su ba. Awon nauyi, allurar bitamin K, sa kaya da wanka duk za su iya jira.

Wurin da ake samun ruɗani shi ne nan. Idan aka naɗe jariri cikin tawul aka miƙa wa uwa ta rungume, an yi abu mai kyau, amma ba shi ake nufi ba, domin ɗumin jikinta ba ya kai masa kai tsaye. Haka nan kusanto da kumatunsa ga nata na 'yan daƙiƙu kafin a fita da shi.

Akwai kuma abin da ake kira renon kangaru, wanda mutane ke gwama shi da wannan. Shi renon kangaru na bakwaini ne da jariran da nauyinsu bai kai kilo biyu da rabi ba. Goyo ne, sai dai na ƙirji maimakon na baya, kuma ana yin sa awanni da yawa a kowace rana har tsawon makonni. Ɗora jariri a awar farko kuwa na kowane jariri ne, babba ko ƙarami, ko ta wace hanya aka haife shi.

Asalin maganar

A shekarar 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota, babban birnin Kolombiya, Dokta Edgar Rey Sanabria ya rasa isassun kwalaben da zai sa bakwaini, har ana haɗa jarirai fiye da ɗaya a kwalba guda, cuta tana yaɗuwa a tsakaninsu. Sai ya koma ɗaura su a ƙirjin iyayensu mata. Wato dabarar daga asibitin talakawa ta fito, inda kayan aiki suka yi ƙaranci, ba daga ƙasashen masu kuɗi ba.

A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kafa tsarin asibitoci masu goyon bayan shayarwa, mai matakai goma. Lokacin da aka sabunta tsarin a 2018, mataki na huɗu ya fito ƙarara: a haɗa fatar uwa da ta jariri nan take, a kuma taimaka mata ta fara shayarwa da wuri. Bayanin da ya biyo matakin bai ware waɗanda aka yi wa tiyata ba. Ya ce idan uwa tana farke za a iya farawa tun a ɗakin tiyata, idan kuma an sa ta barci sai a fara da zarar ta dawo hayyacinta yadda za ta iya riƙe shi.

Najeriya ma na da hannu a hujjar. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021 ya bi jarirai sama da 3,200 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8 a asibitoci biyar na Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda aka yi na nan gida a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Cikin waɗanda aka fara yi wa renon kangaru nan take, kashi 12 cikin ɗari ne suka rasu a kwanaki 28 na farko, cikin waɗanda aka jira sai sun murmure a kwalba kuwa kashi 15.7. Wannan ne ya sa Hukumar ta sauya shawararta a Nuwamban 2022, ta ce a fara haɗa ƙananan jarirai da iyayensu nan da nan, ban da waɗanda ke cikin mawuyacin hali.

Abin da awar ke yi wa jariri

Na farko shi ne ɗumi, kuma shi ne wanda aka fi rainawa a ƙasa mai zafi irin Kebbi. Mutum zai ce, garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, wane sanyi ne zai kama yaro? Amsar tana cikin yadda jaririn ke fitowa. Ya baro wuri mai ɗumin kusan digiri 37, ya fito a jiƙe, kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa, fatarsa siririya, kuma ba ya iya karkarwa irin ta manya don ya ɗumama kansa. Ruwan da ke jikinsa yana bushewa yana tafiya da zafin jikin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ɗakin tiyata kuma da gangan ake sanyaya shi. Ɗumin da ake so ga jariri shi ne digiri 36.5 zuwa 37.5, da ya sauka ƙasa da haka, jikinsa zai fara ƙona sukari da kitsen da ya zo da su don ya riƙe zafi. Sukari ya sauka, numfashi ya ƙaru, ƙarfin tsotso ya ragu, rashin tsotson kuma ya ƙara saukar da sukarin. A lokacin hunturu, ko a tiyatar tsakar dare, abin ya fi sauri. Ƙirjin uwa na tsayar da wannan ba tare da wuta ko janareta ba.

Na biyu shi ne nono. Masu bincike a ƙasar Suwidin, musamman Ann-Marie Widström, sun lura cewa jaririn da aka bari a ƙirji ba a dame shi ba yakan bi matakai tara a jere: kukan fitowa, lafawa, buɗe ido, motsi, hutu, jan jiki zuwa nono, lasa da sabawa da shi, tsotso, sai barci. Yakan ɗauki kusan awa ɗaya kafin ya kama da kansa. Bayan awa biyu ko makamancin haka sai ya shiga dogon barci. Jaririn da aka dawo da shi bayan wannan lokacin sau da yawa barci yake, a sa masa nono ya ƙi kamawa, daga nan sai a fara cewa "ba ta da ruwan nono" ko "yaron ya ƙi nono", a nemo ruwan sukari ko madarar gwangwani.

Wannan matsalar ta fi kama waɗanda aka yi wa aiki. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna sun fi jinkirin fara shayarwa, ba don nononsu ya bambanta ba, sai don ciwo, kwanciya rigingine, robar ƙarin ruwa a hannu da kuma rabuwar farko. Jinkirin kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da aka yi a karkarar Ghana, aka wallafa a 2006, ya ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 22 cikin ɗari na mutuwar jarirai a watan farko idan duka suka fara shan nono cikin awar farko. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 42 cikin ɗari ne kawai ake sa wa nono a wannan awar, yayin da jarirai 39 cikin kowane dubu ke rasuwa kafin su cika wata ɗaya.

Ita ma uwar tana da nata rabon. Taɓawar jariri da tsotsonsa suna sa jikinta ya saki sinadarin oksitosin, wanda ke tsuke mahaifa ya kuma sauko da nono. Sai dai wannan bai maye gurbin allurar tsayar da jini da ake yi mata a tiyata ba. Mata da dama kuma hankalinsu kan bar ɗinkin da ake yi ya koma kan abin da ke ƙirjinsu.

Ta yaya za a yi, ciki a buɗe?

Ya danganta da irin allurar da aka yi. Akwai allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙasan ƙirji zuwa ƙafa, mace tana farke tana jin magana. Akwai kuma ta barci, wadda ke ɗauke ta gaba ɗaya. Idan ta baya ce, tsakanin fuskarta da wurin da ake aikin akwai labulen zane, kuma saman ƙirjinta yana ɓangaren fuska. Nan ake ɗora jaririn, a gicciye, bayan an yanke cibiya an goge shi an tabbatar yana numfashi da kyau. Ana sakin hannunta ɗaya, a mayar da wayoyin awon bugun zuciya kafaɗa ko gefe, nas kuma ta tsaya kusa da kanta tana tallafe da jaririn. Ciro yaro 'yan mintuna ne. Ɗinki ne ke cin rabin awa ko fiye. Wannan lokacin ne ake son a yi amfani da shi, a kuma ci gaba idan an gangara da ita ɗakin hutawa.

Inda ra'ayi ya rabu

Babu wani ɓangare a cikin ma'aikatan lafiya da ke cewa haɗa uwa da jariri ba shi da amfani. Saɓanin kan lokaci ne da kuma wurin.

Masu son a fara tun kan gadon tiyata suna cewa kowane minti na farko yana da daraja, kuma abin da aka ce "sai an jima" a asibiti mai cunkoso yakan koma sai gobe. Suna kuma kafa hujja da cewa a asibitocin da suka gwada ba a ga ciwon ɗinki ya ƙaru ba, tunda jaririn ba ya tsallaka labulen.

Masu taka-tsantsan, waɗanda da yawansu likitocin allurar barci ne da nas-nas na ɗakin tiyata, suna da nasu dalilan masu nauyi. Allurar baya kan saukar da jinin mace farat ɗaya, ta ji jiri, tashin zuciya, amai ko karkarwa. A wannan halin ba za ta iya riƙe jariri ba, gadon tiyata kuma siriri ne. Jaririn da aka ciro ta tiyata, musamman idan naƙuda ba ta fara ba, ya fi yiwuwar fitowa da ragowar ruwa a huhu, ya riƙa numfashi da sauri, don haka yana buƙatar ido. Akwai kuma wani haɗari da ba ya yawan faruwa amma an san shi: jariri lafiyayye ya daina numfashi shiru a awannin farko, yawanci idan hancinsa ya nutse a jikin uwa ko zane ya rufe fuskarsa ba mai kallo. Likitan da ke lura da numfashin uwa da jininta ba zai raba idonsa biyu ba.

Idan aka tace maganganun biyu, abin da ya rage shi ne mutum ɗaya: wanda aikinsa kawai ya tsaya kan jaririn. Inda akwai shi, dalilan masu taka-tsantsan suna raguwa sosai. Inda babu shi, kamar tiyatar dare a asibitin da ungozoma ɗaya ke riƙe da ɗakin haihuwa da na masu jego a lokaci guda, jira har a fito da uwar ba sakaci ba ne. Abin da ba shi da hujja a kowane ɓangare shi ne a bar lafiyayyen jariri a wani ɗakin awa shida ko goma alhali uwarsa ta farka.

Ya kamata kuma a san iyakar hujjar. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi kan awar farko an yi su ne kan lafiyayyun jarirai da suka cika wata tara, akasari haihuwar da ba ta tiyata ba. Na ɗakin tiyata ƙanana ne, kodayake sakamakonsu ya bi hanya ɗaya. Alƙaluman binciken 2021 da aka yi har da Ile-Ife na ƙananan jarirai ne, ba za a ɗauke su a liƙa wa kowane jariri ba.

Halin Kebbi daban ne

A duniya, kusan haihuwa ɗaya cikin biyar ta tiyata ce, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021. A Najeriya binciken 2018 ya samu kusan kashi 3 cikin ɗari, arewa maso yamma kuma ƙasa da haka. A Kebbi, matan da ke haihuwa a asibiti ma ba su kai ɗaya cikin goma ba a wancan binciken.

Ma'anar wannan ita ce, macen da ta kai ga wuƙa a nan galibi ba da shiri ta zo ba. Ta kwana tana doguwar naƙuda a gida, ko jijjiga ta kama ta, ko jini ya ɓalle, an ɗauko ta daga ƙauye, wani lokaci sai an tsallaka ruwa da kwalekwale a yankunan kogin Neja da fadama, an kuma jira mijin da zai sa hannu. Irin wannan ce aka fi sa wa allurar barci, kuma irin jaririnta ne ke fitowa a galabaice yana buƙatar a taimaka masa da numfashi. A nan babu gardama, ceton rai ne gaba. Hoton uwa tana murmushi a kan gadon tiyata da jariri a ƙirji, wanda ake gani a Facebook, ya fi dacewa da wadda ta yi awo aka sa mata rana.

Wannan bai rufe ƙofar ba. Idan an rasa minti na farko, ba a rasa amfanin ba. Ana farawa a awa ta biyu ko ta biyar, duk lokacin da su biyun suka daidaita. Kafin nan kuma wani zai iya tsaya mata. Wani bincike a Suwidin da aka wallafa a 2007 ya nuna jariran tiyata da aka ɗora a ƙirjin ubanninsu sun daina kuka sun lafa fiye da waɗanda aka ajiye a gado. A Kebbi da wuya a ga magidanci ya cire riga a ɗakin mata, kuma ɗakunan ma ba a tsara su don haka ba. Amma mai jego ba ta zuwa asibiti ita kaɗai. Akwai uwarta, ko gwaggo, ko yayarta zaune a baranda da fulas da tabarma. A binciken renon kangaru na 2021 ɗin nan ma, 'yan uwa mata da uwar ta zaɓa ne suka riƙa goya jaririn a ƙirji idan ita ba ta iya ba. Abin da ake buƙata ga mai tsayawar shi ne ta kasance lafiya, ba mura ko ƙuraje, ta wanke hannu, ta zauna a farke.

Inda al'ada ta shigo

Abu uku ne ke karo da wannan awar. Na farko wanka. Tsofaffi na ganin idan ba a wanke ƙarnin haihuwa da wuri ba yaro zai tashi da warin jiki, don haka da an miƙo shi sai a nemi ruwan zafi. Farin maiƙon da ke jikin jariri kuwa kariya ce ga fatarsa, kuma wankan farko na daga manyan hanyoyin da sanyi ke shigarsa. Shawarar Hukumar ita ce a jinkirta wanka awa 24, idan hakan ya gagara to aƙalla awa shida. Gogewa da busasshen zane ta wadatar a ranar farko.

Na biyu dakashi, ruwan nonon farko mai kauri, rawaya-rawaya, wanda a wasu gidajen ake matsewa a zubar da sunan bai da kyau, a riƙe yaro da ruwa, rubutu ko nonon akuya har "nono ya zo". Dakashin kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko ɗan mitsitsi ne, kuma a cikin dakashin ne garkuwar jikin uwa ke wucewa zuwa gare shi. Ga wadda aka yi wa aiki, wadda cikakken nononta zai iya ɗan jinkirta, wannan riƙon da ruwa ya fi daɗewa, hanjin jaririn kuma ya fi shiga haɗarin gudawa.

Na uku kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta yi haihuwar farko takan kawar da kai daga jaririn a gaban manya, ba ta son a ga tana rawar jiki a kansa. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, amma a awar farko tana iya sa ta ce "a ba Inna" alhali ƙirjinta ake nema. A nan kalma ɗaya daga bakin uwarta ko surukarta ta fi dogon bayanin nas tasiri.

Kiran salla a kunnen jariri ba ya cikin masu karo. Ana iya yin sa jaririn yana kwance a inda yake, ba sai an ɗauke shi an fita da shi baranda ba.

Abin da iyali za su iya yi

Wadda aka gaya wa tun a awo cewa aiki za a yi mata tana da damar tambaya kafin ranar: wace allura za a yi, kuma idan ita da yaron suna lafiya za a ɗora mata shi a ciki ko sai ta fito? Tambayar da kanta takan sa a shirya. A cikin kayan haihuwa a ware busassun zannuwa biyu ko uku masu laushi, hula da safar jariri, da riga mai buɗewa ta gaba, domin doguwar riga mai wuyan zagaye ba ta ba da hanya ga mai robar ƙarin ruwa a hannu.

Amfanin ya kai har aljihu. Jaririn da ya riƙe ɗumi ya kama nono da wuri ya fi kauce wa kwanciya a ɗakin jarirai, iyali kuma sun kauce wa madarar gwangwani, wadda kuɗinta da na ruwa mai tsafta da ake dama ta da shi ke zama ɗawainiyar watanni.

Wadda ke zaune kusa da mai jego ita ce ido na biyu. Ta tabbatar hancin jaririn da bakinsa a buɗe suke ana ganinsu, wuyansa bai lanƙwashe ba, leɓɓansa ba su yi duhu ba, ƙirjinsa na ɗagawa. Idan ya yi laushi kamar tsumma, ko yana nishi, ko haƙarƙarinsa na shigewa ciki, a kira nas nan take. Idan kuma barci ya fara fizgar uwar, wanda maganin ciwo kan jawo, a ɗauke shi daga ƙirjinta, mai jinyar ta karɓe shi a nata ko a kwantar da shi rigingine a gadonsa har uwar ta farka.